Kyauta ce ko rance? Abin da dokar haraji ta ce kan kuɗin da ka tura wa aboki

Tun ƙarshen 2025 wani saƙo ke yawo a zaurukan WhatsApp, kuma da wuya a ce bai faɗo wayarka ba, ko kana Jimeta ko cikin garin Yola. Saƙon cewa yake daga ranar 1 ga Janairu, 2026, duk kuɗin da ya shiga asusunka na banki sai gwamnati ta yanki nata, sai fa idan wanda ya turo ya rubuta "kyauta" ko "rance" a ɗan gurbin nan da ake rubuta dalilin turawa. Maganar ta ɗaga wa mutane hankali, musamman a gidajen da kuɗin taimako ke shiga da fita kusan kullum: na magani, na makarantar yara, na taki idan damina ta kankama, na gudunmawar biki.

Ka kwantar da hankalinka, mai karatu. Idan ka ba abokinka kuɗi kyauta, babu haraji a kanka, babu a kansa. Idan ka ranta masa ya dawo maka da abinka cif, nan ma babu. Dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki a farkon 2026, abin da mutum ya samu take bi, wato albashi da ribar kasuwanci da kuɗin haya da makamantansu. Kuɗin da ka ranto ba samu ba ne, tunda nauyi ne a wuyanka, za ka mayar. Wanda aka dawo maka da shi kuma dama naka ne. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin da ya tsara dokokin, ya sha bayyana cewa kyauta na cikin abubuwan da aka keɓe, kuma abin da aka rubuta a gurbin dalilin turawa ba shi ke sa a caji mutum ko a ƙyale shi ba. Banki ba ya zare harajin samu daga asusunka don kawai alat ya shigo. Kai ne doka ta ɗora wa bayyana abin da ka samu a shekara.

Tsoron da mutane suka ji ba daga sama ya faɗo ba. Najeriya ta taɓa yin dokar da ke cajin dukiyar da aka miƙa wa wani, ta hanyar kyauta ko gado. An kafa ta a 1979, aka soke ta a 1996. Da aka kai ƙudurorin gyaran haraji gaban Majalisar Tarayya a ƙarshen 2024, batun gado na cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙura a Arewa, har malamai suka yi ta magana a kai. Dokar da ta fito daga ƙarshe ba ta ɗora haraji kan gado ba.

To amma kada a yi saurin rufe shafin. Kalmar "taimako" da muke yawan amfani da ita bargo ce mai faɗi, tana rufe abubuwa daban-daban, kuma a ƙarƙashinta ne rigima ke kwanciya, ta haraji da ta zumunci.

Inda haraji ke shigowa

A ce kana aikin gwamnati a Jimeta, kana da aboki manomi a Yolde Kohi. Ka tura masa naira dubu 600 ya sayi bijimi a kasuwar Ngurore ya yi kiwo, da yarjejeniyar idan Babbar Sallah ta zo a sayar, ka ɗauki uwar kuɗinka, ku raba abin da ya hau. Ku a bakinku taimako ne, kuma gaskiya ne ka taimake shi. A idon doka kuwa jari ka zuba. Dubu 600 ɗinka da suka dawo ba ruwan kowa da su, amma idan rabonka na riba ya kama dubu 200, wannan samu ne, kuma za a haɗa shi da sauran abin da ka samu a shekarar.

Ko za ka biya wani abu a kansa, ya danganta da jimillar samunka. A sabon tsarin, naira dubu 800 na farko a shekara ba a cajinsu ko kwabo. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka ake hawa har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Wanda albashinsa, bayan an cire abubuwan da doka ta yafe irin su kuɗin fansho, ya riga ya kai miliyan 3, to ribar bijimin nan ta faɗa sahun kashi 18, wato naira dubu 36 ke nan daga cikin dubu 200. Shi kuwa abokinka, idan duk abin da ya samu a shekarar bai wuce dubu 800 ba, babu abin da ake bin sa.

Haka abin yake ga wanda ya ba da rance ya sa ƙari. Yawancin masu karanta wannan shafi ba sa kusantar kuɗin ruwa saboda addini ya haramta, amma kowa ya san ana yi a gari, wani lokaci da sunan "ihsani" ko "na goro" da aka riga aka yanka tun farko. Ko me aka kira shi, ƙarin da ya hau kan uwar kuɗi samu ne ga wanda ya karɓa, kuma doka na cajinsa.

Sai kuma kyautar da ba kyauta ba. Ka haɗa abokinka da mai sayen fili a Jambutu, ciniki ya faɗa, ya tura maka dubu 300 ya rubuta "kyauta". La'ada ce, don aikin da ka yi aka biya ka. Mai gidanka a wurin aiki ya ƙara wa ma'aikata wani abu saboda Sallah ko Kirsimeti, wannan ma yana cikin ladan aiki. Ma'aunin mai sauƙi ne: da ba ka yi masa komai ba, kuma ba ya jiran komai daga gare ka, zai ba ka? Idan amsar e ce, kyauta ce. Gudunmawar da aka tara wa waɗanda ambaliyar watan Yulin 2025 ta ɗaiɗaita a Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi, ko abin da 'yan uwa suka haɗa wa mara lafiyar da ke kwance a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, babu mai cewa samu ne. Kuɗin adashi ma haka, uwargida: ranar kwasarki abin da kika zuba ne ya dawo miki a dunƙule.

Akwai wani gefen da 'yan kasuwa ke yawan tambaya a kai. Idan abokin ya cinye rancen, za a rage maka asarar daga harajinka? Idan daga aljihunka ka ba shi don zumunci, a'a, asararka ce kai kaɗai. Bashin da doka ke sauraro shi ne wanda ya taso daga cinikin kansa, kamar kayan da ka ba abokin ciniki a babbar kasuwar Jimeta ya gudu da kuɗin, kuma shi ma sai ka nuna shaidar ka bi abinka ya gagara. Wannan na daga dalilan da ya sa bai kamata ka ɗebi kuɗin shago ka ranta wa aboki ba tare da ka rubuta ba. Idan kuwa kamfani ne mai rajista, kuɗinsa ba naka ba ne a idon doka, ko da kai kaɗai ka mallake shi.

Harajin da tabbas za ka gani a kan rance da kyauta ɗan ƙarami ne. Duk turawar da ta kai naira dubu 10 zuwa sama ana cire naira 50 na hatimi. A da mai karɓa ake cire wa, daga Janairun 2026 ya koma kan mai turawa. Ban da wannan sai kuɗin aikin banki da ka saba gani.

Aron asusu

Wannan ya fi duk na sama haɗari, kuma shi muka fi ɗauka da wasa. Aboki ya ce asusunsa na da matsala, ko ya cika iyakar abin da zai iya karɓa a rana, ka ba shi lambarka a turo masa kuɗin hatsi ko na shanu. Sau ɗaya ya zama sau goma. A ƙarshen shekara takardar bayanan asusunka na nuna miliyoyin da ba ka ci ko sisi a ciki ba.

Yanzu asusun banki a ɗaure yake da lambar BVN da NIN, kuma hukumar haraji ta tarayya, wadda a da ake kira FIRS yanzu ta koma NRS, ta ce NIN ɗin mutum ita ce lambar harajinsa. Sabuwar dokar ta wajabta wa bankuna su riƙa ba da rahoton masu juya gomman miliyoyi a wata guda. Tun kafin ita ma, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sa bankuna su sanar da hukumar NFIU duk hada-hadar mutum ɗaya da ta haura naira miliyan 5. Rahoto ba tuhuma ba ne, kuma mai gaskiya da takardunsa ba abin da zai same shi. Amma idan tambaya ta taso sunanka za a kira, ba na abokinka ba, kuma kai za ka yi bayanin kuɗin da watakila ba ka ma san daga inda suka fito ba. Idan aka yi rashin sa'a na damfara ne ko na fansa, maganar ta wuce ta haraji.

Masu cewa mafita ita ce a koma tsabar kuɗi su ma su lura. Dokar ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗin da suka haura miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Bayan haka, kuɗin da aka miƙa a leda a bayan shago ba su bar sawu ba, kuma sawun nan shi ne gatanka ranar da aka yi musu.

Kuɗin da ba a raɗa wa suna ba

A ganina, cikin gidaje ɗari da wuya a samu biyu da jami'in haraji zai taɓa tambaya game da rancen da suka ba aboki. Amma kusan kowane gida na da labarin kuɗin da aka bayar, mai bayarwa yana nufin rance, mai karɓa ya ɗauka kyauta ce. Kunya ce ke jawo haka. Mutum ya zo maka ido ya yi ja, matarsa na ɗakin haihuwa, ka tura masa dubu 150 ka ce "je ka fara da wannan". Ba ka ce rance ba don kada ka zama marar tausayi. Shi ma bai tambaya ba don kada amsar ta yi masa nauyi. Bayan wata shida kuɗin makarantar yaranka ya taso, ka fara yi masa gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, shi kuma ya fara ganin kiranka yana kifa wayar. Daga nan matan gidajen biyu su daina zuwa sunan juna, yaran da suka tashi tare su rasa dalili.

Abin ya fi muni idan mutuwa ta gitta. A shari'ar Musulunci ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado, kuma abin da yake bin mutane yana cikin dukiyar magada. Idan mai ba da rancen ya rasu bai gaya wa kowa ba, haƙƙin marayu ne ya salwanta. Idan mai karɓa ne ya rasu, sai ka tsaya gaban iyalinsa a zaman makoki da maganar da ba ka da shaida a kanta, wasu su gaskata ka, wasu su ce ka zo cin dukiyar marayu. Alƙalan kotunan yanki sun saba da irin waɗannan ƙararraki. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu ne muka mayar da rubutun alamar rashin yarda.

Rubutun ba sai an je wurin lauya ba idan kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Takarda guda ta isa: sunanka da nasa, adadin kuɗin da lamba da kuma kalmomi, ranar bayarwa, ranar biya ko yadda za a riƙa biya, da bayanin cewa rance ne ba ƙari. Ku sa hannu, mutum biyu su shaida, kowa ya riƙe kwafi. Idan kana jin nauyin fito da takarda gaban aminin ƙuruciya, tura masa saƙo bayan ka tura kuɗin: "Na turo dubu 150 ɗin, rance ne zuwa bayan girbi in Allah Ya yarda." Ya amsa da "na gani, na gode", ka adana. Dokar shaida ta 2011 ta amince kotu ta karɓi bayanan da suka fito daga waya da kwamfuta idan an cika sharuɗɗanta. A nan ne ɗan gurbin dalilin turawa ke da amfani. Ba ya hana haraji, ba ya jawo shi, amma bayan shekara uku, lokacin da kowa ya manta, kalmar "rance" da ke jikin rasit za ta tuna muku. Shi ma idan zai biya, ya biyo ta banki ya rubuta "biyan rance", don shigar ta yi daidai da fitar.

Kyauta ma tana son a faɗe ta da baki. Idan ka san ba za ka nema ba, ka ce masa kyauta ce, ka sauke masa nauyin da zai riƙa ɗauka duk lokacin da ya hango ka. Idan babba ce, kamar fili ko gida ko mota, a rubuta, a kuma miƙa masa abin a hannunsa, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu tana komawa cikin gado. Fili mai takardar mallaka kuwa, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya masa mai shi, kuma akwai kuɗin hatimi da na rajista ko da ba a biya ko kwabo a matsayin farashi ba.

Sannan maigida, ka gaya wa matarka. Ba wai neman izini ba, ko da yake idan kuɗin cefane ko na makaranta za a taɓa tana da ta cewa. Ita ce za ta rayu da giɓin, kuma ita ce za ta san inda dukiyar 'ya'yanta take idan ba ka nan. Ke ma uwargida, sarƙar da kika sayar kika ranta wa ƙawa, wani naki ya sani.

Akwai wata asarar da babu takardar da ke hana ta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda ya ranta dubu 500 a farkon 2023, kafin a cire tallafin man fetur, aka dawo masa da su cif bayan shekara biyu, ya karɓi adadinsa amma bai karɓi buhunan da kuɗin ke saya a da ba. Wannan ba laifin abokin ba ne, kuma ba hujjar neman ƙari ba ce. Abin da yake nufi shi ne rance mai dogon wa'adi akwai sadaka a cikinsa ko ba ka yi niyya ba, don haka ka ba da abin da za ka iya jure rashinsa, ka kuma gajarta wa'adin. Batun zakkar kuɗin da ke hannun wani kuwa, abin da aka sani a Malikiyya shi ne ana fitar da ta shekara guda bayan an karɓo su. Ka zauna da malaminka kan yadda lissafin ya shafe ka.

Masu 'yan uwa a waje su san cewa sauƙin da muke da shi ba ko'ina ba ne. Kuɗin da ɗanka ya turo maka daga Amurka don hidimar gida ba a cajin ka haraji a kansu a nan. Amma shi can, idan abin da ya ba mutum ɗaya a 2025 ya haura dala dubu 19, sai ya cike takardar sanar da hukumar harajinsu, ko da ba zai biya komai ba. A Ingila kuma, babbar kyautar da mutum ya yi tana iya shiga lissafin harajin gado idan ya rasu kafin shekara bakwai. Idan ya ce ka rubuto masa takardar shaidar kyauta ce ko rance, kada ka ɗauka raini ne.

Harajin samun mutum ɗaya, in ban da sojoji da 'yan sanda da wasu kaɗan, na jihar da yake zaune ne. Mazaunin Yola ko Jimeta da hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Adamawa zai yi hulɗa, kuma ranar 31 ga Maris ce wa'adin bayyana abin da aka samu a shekarar da ta gabata. Wanda bai bayyana ba, hukuma na da ikon ƙiyasta masa da kanta, kuma a nan ne alat ɗin rance da na adashi da na abokin da ya ari asusu za su iya shiga lissafi a matsayin ciniki, sai ka kawo abin da ke nuna ba haka ba ne. Ka adana rasit da saƙonni da takardun yarjejeniya na aƙalla shekara shida, don binciken haraji kan iya komawa baya har haka. Idan takardar ƙiyasi ta zo maka kuma ba ka yarda da ita ba, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙorafi, ka haɗa da shaidunka. Idan ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na Arewa maso Gabas ke zama a Bauchi, sannan sababbin dokokin sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Kwana 30 ɗin daga ranar da takardar ta iso hannunka ake fara ƙirga su, saboda haka ka rubuta ranar a jikinta da zarar ka karɓa.